Ƙwarin Roba Na Ƙasar Jafan, Da Masu Yi Musu Dariya

A birnin Tokiyo, hedkwatar ƙasar Jafan, akwai wata unguwa wadda a ke kira Ikebukuro. Cikin shekarar 2021 aka buɗe wani kanti a can, irin wanda ba a taya kaya a cikinsa, ba a neman ragi, ba a sallamawa. Abin da ke ciki akwatunan inji ne, an jera su bisa juna, sun kai 3,000. Kowane akwati yana da 'yar kafa inda a ke jefa kuɗi, da mariƙi wanda a ke murɗawa. In mutum ya jefa kuɗinsa ya murɗa, sai wani ƙwanso na roba kamar girman lemo ya gangaro ya faɗo, da ɗan abin wasa a cikinsa. Mutanen ƙasar suna kiran wannan abu gashapon, don ƙarar da mariƙin ke yi sa'ad da a ke murɗa shi, da ƙarar faɗowar ƙwanson.

Abubuwan da ke fitowa daga irin akwatunan nan ba su ƙidayuwa, amma iri guda ne abin magana a nan, watau siffofin ƙwari da ƙaguwa da jatan lande da ƙadangaru da kunkuru da macizai, waɗanda aka zuba da roba aka yi musu launi, suka yi kama da na gaske har wanda ya tarad da ɗaya bisa tabarma sai ya ja da baya tukuna. Masu tsayawa gaban akwatunan kuwa ba yara kaɗai ba ne. Akwai magidanta da suka taso daga ofis, akwai matan aure, akwai tsofaffi masu furfura. Waɗansu sun tara ɗaruruwa, sun yi musu kabad na gilashi, kowace siffa da 'yar takarda mai sunanta.

Duk majalisar da wannan labari ya iso, magana ɗaya a kan ji. Wani ya ce kuɗi ne suka yi wa mutanen nan yawa. Wani ya ce in ba taɓuwa ba, me zai sa ƙato da iyalinsa ya ba da kuɗi ya sayi kyankyaso, ga shi kuwa kyauta a bayan ɗaki? Sai a bushe da dariya, a shiga wata hira. To, wannan dariya ba ta da tushe. Masu yin ta sun bar jaki suna dukan taiki, domin akwai abin zargi na gaske cikin wannan sha'ani, amma ba shi su ke zargi ba.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a yi wa mai dariya 'yar jarrabawa. A tambaye shi, kunama ƙafarta nawa? Ga shi tare da ita ya girma, ta harbe shi ko ta harbi ɗansa, ya kashe ta da takalmi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Duk da haka da wuya ya faɗi daidai. Ƙafarta 8 ne, ban da hannuwa biyu masu kama da awartaki waɗanda ta ke damƙar abinci da su. A sake tambayarsa, ina kunnen fara ya ke? Tun yana yaro ya ke cin ta, an soya an barbaɗa yaji, saboda haka sai ya nuna kanta ba da wata shakka ba. Kunnen fara kuwa a gefen cikinta ya ke, daf da gindin ƙafar baya, fiffike ya rufe shi. Na gyare a ƙafafunsa na gaba ya ke, kukan nan kuma da ya ke hana mutane barci da shi ba daga bakinsa ya ke fitowa ba, fukafukansa ya ke gogawa da juna, namijin ne kaɗai ke yi. Hawainiya, wadda kowa ke buga misali da rikiɗarta, yatsunta 5 ne a kowace ƙafa, sun manne kashi biyu kamar hantsaki: a ƙafar gaba uku suna ciki biyu suna waje, a ta baya biyu ciki uku waje. Yaron Osaka wanda ya riƙe hawainiyar roba a hannunsa ya san wannan, ko da ya ke babu hawainiya ta asali a dajin ƙasarsu. Mai dariya kuwa tana bisa geza a bayan gonarsa, bai sani ba.

Ba laifinsa ba ne duka. Abu mai rai ba ya tsayawa a dube shi. Fara ta kan tashi, ƙadangare ya kan ruga, ƙaguwa ta kan shige rami, kunama da maciji kuwa ba mai hankalin da zai kai fuskarsa kusa da su don ya ƙirga wani abu. In an kashe su sun dagargaje, in an busar da su launi ya tafi, jiki ya motse. Hoton littafi gefe ɗaya ya ke nunawa, ba a iya juya shi a ga cikin dabbar. Siffar da aka ƙera da gaskiya ita ce ke yarda a ɗauke ta, a birkice ta, a buɗe fiffike, a lanƙwasa ƙafa a ga inda ta ke lanƙwasuwa da inda ba ta yi. Gani ya kori ji, taɓawa kuwa ta fi gani zama a zuciya.

Masu cewa wannan sabon shirme ne na zamanin roba ba su san tarihin ƙasar ba. Tun daga shekarar 1603 gidan Tokugawa ya riƙe mulkin Jafan, aka sami zaman lafiya na shekara fiye da 250. Zaman lafiya alheri ne ga kowa, sai dai ga maƙerin kayan yaƙi. Akwai wata zuriya ta maƙera da a ke kira Myochin, aikinsu tun kaka da kakanni shi ne ƙera kwalkwali da sulke. Sulken mutanen Jafan kuwa falle-fallen ƙarfe ne a ke ɗorawa bisa juna, kowane falle yana zamewa a ƙarƙashin ɗan'uwansa don jarumi ya iya motsi. Da aiki ya ja baya, sai waɗansu daga cikin maƙeran suka duba suka ga ashe babban jatan landen teku sanye ya ke da irin wannan sulke tun ran da aka halicce shi. Suka kama ƙera shi da baƙin ƙarfe, kowace gaɓa da ƙusarta, ƙafafu suna motsi, wutsiya tana naɗewa, gashin baki yana lanƙwasa. Suka ƙera ƙaguwa, suka ƙera ƙoƙiƙoƙi da malam-buɗe-littafi da kifi. Maciji kuwa da zobba masu yawan gaske su kan yi shi, wani cikin wani, har ya iya naɗewa ya ɗaga kai kamar mai shirin sara. Irin wannan aiki sunansa jizai okimono, watau kayan ajiya masu motsi yadda aka ga dama. Mafi tsufa cikin waɗanda ke ɗauke da shekarar da aka yi su wani dodon maciji ne na tatsuniya, wanda Myochin Muneaki ya ƙera a 1713, yana ajiye a babban gidan kayan tarihi na Tokiyo. Da ƙasar ta buɗe ƙofarta ga baƙi, Turawa suka yi ta sayen irin waɗannan suna kaiwa gida, shi ya sa a ke samun su a gidajen tarihi na Ingila da sauran ƙasashen Turai.

A lura da abu guda. Maƙerin da zai yi ƙafar ƙaguwa mai motsi tilas ya zauna da ƙaguwa kwana da kwanaki, ya san gaɓa nawa ke cikin ƙafar, da wajen da kowace ta ke karyewa. In ya yi kuskure ko kaɗan ƙarfe zai tona masa asiri, ƙafa ta ƙi tafiya. Mai zane ya iya ɓoye jahilcinsa cikin inuwa da launi, maƙeri ba shi da inda zai ɓoye nasa. Manyan sarakuna da attajirai ne ke iya mallakar irin wannan a wancan zamani. Abin da roba ta yi shi ne ta sauko da shi ƙasa, har ɗan makaranta ya iya saye da kuɗin tara.

Yadda ta sauko kuwa ga shi. A 1964 wani mutum mai suna Miyawaki Osamu ya buɗe ɗan shago a Moriguchi, kusa da Osaka, wanda bai fi rumfar mai tireda ba, yana sayad da kayan wasa na harhaɗawa. Shagon nan shi ya zama kamfanin Kaiyodo, ya tara gwanayen sassaƙa. A 1999 suka haɗa kai da wani kamfanin alewa mai suna Furuta, aka fito da ƙwai na cakulan, cikin kowane ƙwai da 'yar siffar wata dabba ta ƙasar Jafan, da takarda mai bayaninta. Wani gwani, Matsumura Shinobu, shi ya sassaƙa su. Kwaɗo ne, ƙadangare ne, kunkuru ne, ƙwaro ne, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, amma an bi ƙirarsa da launinsa kamar za a kai wa malamin jami'a. Don yara aka yi su, sai ga iyaye suna saye kwali-kwali. Tun daga nan aka gane cewa akwai manya da yawa masu ƙishirwar irin wannan abu, kunya ce kawai ta hana su faɗi.

A 2018 kamfanin Bandai ya fito da abin da ya fi wannan ban mamaki. Akwai wata 'yar halitta da ke zama ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen ganye a wuri mai laima, launinta toka-toka, bayanta falle-falle, in an taɓa ta sai ta dunƙule kamar bushiya. Mutanen Jafan suna kiranta dangomushi, kowane yaro a can ya taɓa wasa da ita. Aka yi siffarta, aka ninka girmanta sau 10, aka yi wa kowane falle gaɓarsa, har ta iya dunƙulewa sarai. Saboda haka ba a sa ta cikin ƙwanso ba, ita da kanta ta ke gangarowa daga akwati a dunƙule, a kan yen 500. Wanda ya saya ya buɗe ta ya ƙirga ƙafafu sai ya ga 14. Ƙwaro na sosai kuwa, irin su fara da tururuwa da sauro, ƙafarsa 6 ne ba ƙari ba ragi. Daga nan tambaya ta kan taso, in ya bi ta sai ya tarar ashe wannan abu ba dangin ƙwari ba ne ko kaɗan, dangin ƙaguwa da jatan lande ne, danginsa suna ruwa shi ya hau tudu, shi ya sa har yanzu ba ya iya rabuwa da laima. Wannan darasi ne wanda a kan yi a aji a manta kafin jarrabawa, amma wanda ya ƙirga da yatsansa ba ya mantawa. Bayan ta aka yi kunkuru, da ƙoƙiƙoƙi, da ƙaguwa, da ƙaton zirnaƙon Jafan wanda harbinsa ke kashe mutane. Don a yi waɗansunsu daidai, sai da aka sa ƙwaron gaske cikin irin injin nan na asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka auna kowace gaɓa. Sunan da suka ba jerin duka shi ne Ikimono Daizukan, ma'anarsa babban littafin halittu mai hotuna. Sun kira shi littafi, ba su kuwa yi ƙarya ba. Wanda ya sha wahalar koyon karatu da girmansa, ya jure dariyar 'yan'uwansa sa'ad da ya ɗauki allo da fensir ya nufi aji, shi ya fi kowa cancanta ya gane cewa girma ba ya hana mutum neman sani, ko ta wace ƙofa sanin ya zo.

Hukumomin lafiya sun daɗe da sanin amfanin wannan. A 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro, amma shawo kan jama'a su yarda cewa ɗan abin nan da a ke kashewa da tafi shi ke kwantad da gari guda, wannan wani aiki ne dabam. A 1917 gidan tarihin halittu na birnin New York a Amurka ya kafa siffar sauro wadda aka ninka girmanta sau 75, don mutane su tsaya gabanta su dubi abokin gabansu ido da ido. Ba wanda ya ce manyan likitocin nan wasan yara su ke yi.

Akwai kuma wata hujja wadda ta fi wannan nauyi. Sha'awar ajiye halitta a gida tana cikin jinin ɗan Adam, in ba a ba ta roba ba, mai rai za ta nema. Ƙasar Jafan ta ɗanɗana kuɗarta a nan. Shekaru da yawa a kan kawo 'ya'yan wata kififiya mai jan kunne daga Amurka, a sayar wa yara a wuraren biki, kowace ba ta fi bakin kofin shayi ba, kore shar, gwanin sha'awa. Abin da mai saye bai sani ba shi ne za ta girma ta kusa ƙafa guda, ta kuma rayu shekara 30 ko fiye. In yaro ya girma ya gaji, sai a kai ta rafi a sake. Ta haihu ta cika koguna da tafkuna, ta danne kififiyar ƙasar, tana cinye tsiron ruwa. Haka kuma wani jan jatan lande mai manyan hannuwa, wanda aka kawo daga Amurka a 1927 don a ciyad da kwaɗin kiwo: ya tsere, ya bazu cikin fadamun shinkafa yana haƙa ramuka a jikin kunyoyi. Sai a ran 1 ga Yuni 1923 da ɗari bisa, watau 2023, gwamnati ta hana shigo da su biyun, ta hana sayarwa, ta hana saki, amma ta bar wanda ke da su a gida ya ci gaba da riƙo har su mutu, don kada tsoron doka ya sa kowa ya kwashi nasa ya zuba a kogi dare ɗaya. Kififiyar roba ba ta taɓa cinye shukar kowa ba.

Abin ya taɓa Afirka ta Yamma ma. Baƙar kunamar nan ta kurmi, wadda tsawonta ya kan kai inci 8, tana cikin mafi girma a duniya, a dazuzzukan Ghana da Togo da maƙwabtansu ta ke. An yi ta kwasarta ana kaiwa Turai da Amurka da Asiya don masu kiwo a akwatin gilashi, har a 1995 aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta ƙayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Kaiyodo sun yi siffarta mai gaɓoɓi, wutsiya tana tanƙwarowa har bisa kai. Akwai kuma wani ƙadangare mai ƙaya na Afirka ta Kudu, wanda in ya tsorata sai ya ciji wutsiyarsa ya zama zobe. Masu fasa-ƙwauri sun addabe shi, Bandai kuwa sun yi na roba mai cizon wutsiya kamar na gaske. Ba a ce roba ta kashe wannan ciniki ba, har ma akwai wanda siffar ce za ta tayar masa da kwaɗayin mai ran. Amma duk wanda ya ƙoshi da ta kabad, kunama guda ta kwana a raminta.

Wani zai ce ai siffa ce ta abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, ba a yi mata gaggawa, kowa ya tambayi nasa. Abin da ke cikin littattafan hadisi dai shi ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana na wasa, har da doki mai fukafukai, malamai da yawa kuma sun kafa hujja da wannan wajen yin rangwame ga kayan wasan yara da na koyarwa. Duban ƙananan halittu kuwa ba wanda zai kira shi aikin banza alhali ga surori uku da aka yi wa suna da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo.

To, yanzu a koma ga jakin da aka bari. Laifin wannan sha'ani yana jikin akwatin nan mai mariƙi. Mai jefa kuɗi ba shi ke zaɓen abin da zai faɗo ba, cinikin biri a sama ya ke yi. A ce jeri guda yana da iri 5, kowanne yen 500. In da a kanti ne, yen 2,500 sun saye su duka. Amma a akwati, in an cakuɗa su daidai wa daida, lissafi ya nuna cewa a tsakaice sai mutum ya murɗa sau 11 da ɗoriya kafin ya haɗa biyar ɗin, watau wajen yen 5,700, ya koma gida da guda 6 waɗanda ba ya bukata. Na farko ba ya wuya, kowanne ya faɗo sabo ne. Na ƙarshe shi ke cin kuɗi, domin sau ɗaya cikin biyar ya ke zuwa, mutum kuwa ya riga ya zuba da yawa, zuciya tana ce masa saura ƙiris. Masu akwatin sun san wannan lissafi sarai, a kansa suka gina cinikin. Ba don amfanin mai saye aka ɓoye kaya cikin ƙwanso ba. Har wannan dabara ta ƙaura zuwa wasannin wayar hannu da sunanta na gacha, inda ta yi wa mutane ɓarna ƙwarai, yara suna cinye kuɗin iyayensu, sai da hukumar kare masu saye ta Jafan ta tashi a 2012 ta haramta wani iri nata, wanda a ke sa mutum ya haɗa jeri cikakke kafin a ba shi babbar kyauta. Wanda ke son ya yi faɗa, ga inda zai yi shi. Masu hankali cikin matara sun riga sun sami mafita: akwai shaguna a unguwannin Akihabara da Nakano inda a ke sayad da waɗanda aka riga aka buɗe, kowanne da kuɗinsa a rubuce, mutum ya ɗauki wanda ya ke so ya biya ya tafi.

Sai laifi na biyu, wanda ya fi na farko ban haushi, domin shi daga matara ya ke fitowa. Cikin jerin farko na ƙwan cakulan ɗin nan an ɓoye wata siffa wadda ba a sa ta cikin lissafi ba, ba ta kuwa cika fitowa ba. Siffar tsuchinoko ce, wani gajeren maciji mai ƙaton ciki wanda a ke ba da labarinsa a ƙauyukan Jafan, har waɗansu garuruwa sun sa lada ga wanda ya kamo shi, amma har yau ba wanda ya kawo ko ɗaya. Ita ce aka fi rububi, ita ce kuɗinta ya hau. Watau an ba mutane dabbobin ƙasarsu na gaske, an sassaƙa su da iyakar gwaninta, sai waɗansu suka ture su gefe suna neman wadda babu ita a duniya, don kawai maƙwabci ba shi da ita. Irin waɗannan su ne masu saye su ƙi kwance leda, su jibge cikin kwali suna jiran ranar da kuɗi zai ninka. A tambayi ɗayansu ƙafar ƙaguwa nawa, shi da mai dariyar majalisa duk ɗaya ne, sai dai shi ya fi hasara, domin amsar tana cikin ɗakinsa a ƙulle. Dillali ne, ya yi dillancinsa, amma kada ya fake da sunan masu son halitta. Littafin da ba a buɗe ba gara ce ke amfana da shi.

Siffa ta gari a hannu ya kamata ta zauna, hannun da ya fi bukatarta kuwa ba lalle ya kasance a Tokiyo ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta kuma ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don wannan, ya kan cika lokacin shuka da lokacin girbi, yawancin masu zuwa manoma ne da makiyaya. Macijin da ya fi kawo su shi ne kububuwa, wadda a ke yi wa kirari da gobe-da-nisa. Gajeriya ce, ba ta cika wuce ƙafa 2 ba, launinta ya saje da ƙasa, in ta fusata ta kan goga jikinta da juna ta yi wani sauti kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi, dafinta kuwa hana jini daskarewa ya ke yi. Akwai wani maciji mai haɗiyar ƙwan tsuntsu wanda ba shi da dafi, kusan ma ba shi da haƙori, amma ya ari zanenta da wannan sauti nata don a ji tsoronsa. Maganin dafi kuma ba ɗaya ba ne: akwai wanda aka yi don kububuwa kaɗai, akwai wanda ya haɗa ta da kasa da kumurci. Saboda haka likita ya kan so ya san wane iri ne ya yi saran, mutane kuwa su kan tsaya farautar macijin don su kai shaida, a ɓata lokaci, wani lokaci a sami sara na biyu. In da akwai siffofin macizan nan uku ko huɗu, daidai girmansu da launinsu, a teburin kowane ɗakin shan magani da kowace makaranta ta ƙauye, da yaro ya san su tun bai gamu da su a kunya ba, wanda aka sara kuma ya nuna da yatsa a wuce ga magani.

Masu yi ba su ƙaranta ba. Maƙeran tagulla na Bida sun iya zubi, yaran ƙasar Hausa tun fil azal su ke gina shanu da dawaki da yumɓu a bakin rafi, masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano kuwa kullum suna zuba buta da bokiti da takalman roba. Injin da ya zuba buta ya iya zuba kububuwa. Abin da a ke bukata shi ne a ba mai sassaƙa macijin gaske wanda masana suka adana, ya auna shi ya ƙirga zanen bayansa kamar yadda maƙeran Myochin suka zauna da ƙaguwa, sa'an nan likitan Kaltungo ya duba aikin ya sa hannu kafin a kai shi aji.